Rauta Mai Ƙamshin Kafur

Duk saurayin da ya zo shagona ya ce yana son koyon aikin rauta, tambaya ɗaya nake yi masa: in an kira ka gida an ce intanet ya ƙi, me za ka fara yi? Amsarsu ɗaya ce, kamar sun haɗa baki a hanya. "A kashe a kunna." To sannunku da ilimi. Wannan ai ko akuyar maigidana Malam Iro ta iya rabinsa, don ta taɓa tauna wayar wuta ta kashe mana rediyo ana tsakar labarai, kunnawar ce kawai ba ta kai gare ta ba.

Sunana Sale, amma in kun shiga Kankara kuka tambayi Sale za a nuna muku mutum goma. Ku ce Sale Eriya. Aikina shi ne rauta, wato wannan ɗan akwatin da ake saka wa layin waya, ya jawo sabis daga ƙarfen kamfani, ya raba wa wayoyin gida ba tare da igiya ba. Ni ke kafa shi, ni ke gyara shi, ni kuma ake zagi in ruwan sama ya hana shi aiki, sai ka ce da hannuna na haɗa hadarin.

Ban fara da rauta ba, don lokacin babu ita. A wurin Malam Iro mai gyaran rediyo na koyi aiki, a wata rumfa bakin kasuwa. Shekarar farko bai bar ni na taɓa ƙarfen darma ba. Aikina ware ƙusoshi a gwangwanin madara da korar akuyar da na faɗa muku. In an kawo rediyo, kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya sai ya kai ta hanci ya shaƙa, sannan ya miƙo mini. "Mi ka ji?" In na ce ban ji komai ba ya ce hancina na ado ne. A hankali na koyi bambanta warin abin da ya ƙone da na fitsarin ɓera, da na miyar da ta zube ciki, da na batirin da ya fashe. Ya kan ce mai kaya zai iya yi maka ƙarya, amma kayan ba su iya ba. Daga rediyo na koma ɗaura eriyar talabijin, daga nan tauraron ɗan'adam, daga nan na faɗo nan inda kuka same ni. Sai da na zama oga na kaina na daina shaƙar kaya, don ina ganin ya yi ƙauyanci ga mai ɗauke da kwamfuta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Filaya, sukundireba biyu, mitar gwada wuta, salatif baƙi, layukan waya na kowane kamfani, tsohuwar kwamfutar da murfinta ke ɗaure da roba, da tsinken tsintsiya. Kar ku yi dariya, tsinken nan ya fi mitar aiki. Da shi ake danna ɗan ramin da ke bayan rauta a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Matsalar ita ce masu gida ma sun gano ramin. Akwai wani malamin makaranta a Sabuwa da duk ranar da intanet ya yi nauyi sai ya soka tsinke, duk saitin da na yi ya goge, sannan ya kira ni ya rantse bai taɓa komai ba. Ranar da na gaji, na liƙe ramin da salatif na ce masa in ya ɓare wuta za ta ja shi. Allah Ya yafe mini, amma tun daga nan muka zauna lafiya.

Wani mai sayen hatsi kuma a Damari ya kira ni yana huci, wai kamfani na shan datarsa kamar ana zuƙa da tiyo. Na buɗe kwamfuta na duba wayoyin da ke kan rautarsa, na ga sun fi mutanen gidan yawa har da kajinsu. Na ce, "Alhaji, wa ka ba lambar sirri?" Ya ce ba wanda ya ba, shi da ba ya wasa da sirri. Muna fitowa na ɗaga kai, sai ga lambar rubuce da gawayi a bangon zaurensa, manyan baƙaƙe, da hannunsa ya rubuta don kar ya manta. Mai shayin ƙofar gidan har benci ya ƙaro.

To wannan duk wasa ne. Shekarar da muka ji jiki ita ce wadda aka rufe layukan waya a ƙananan hukumominmu saboda matsalar tsaro. Mun wayi gari waya ta zama fitila da agogo. Makon farko mutane suka yi ta kawo mini rautoci wai sun lalace, har da wanda ya ce in canza masa da mai ƙarfi. Na ce ko ta jirgin sama na ba ka, ba abin da za ta jawo, rijiyar ce aka toshe. Wata biyu ban riƙe filaya ba. Na koma gonar ƙanen babana a Yargoje na yi girbin masara, hannuna ya yi kanta, mutanen ƙauye suna ce mini injiniyan buhu. Mai son gaisawa da ɗan'uwansa sai ya hau mota ya yi nisa har inda sabis ya kai, ya yi magana ya juyo. Wanda ba shi da ƙafar tafiya, shi ke nan, sai dai ya yi ta zuba ido a ƙofa.

Bayan an buɗe layuka ne Alhaji Mamman na Faskari ya aiko a kira ni. Dillalin dabbobi ne, gidansu gidan malamai, irin wanda ko mai gyaran famfo ba ya wuce zaure. Ya ajiye mini rauta sabuwa fil a kan tabarma. Yayansa Lawali ne ya aiko da ita daga Madina, inda yake ɗinki shekara goma sha ɗaya bai zo gida ba. Gidan yana cikin kwari a bayan dutse, bangon laka mai kauri, rufin kwano, waya ba ta kama komai a cikin ɗaki.

Alhaji ya rage murya. "Malam Sale, don Hajiyarmu ce. Hawan jinin ido gare ta. Na dama ya riga ya tahi, na hagun ma likita ya ce ba ya daɗewa. So nike ta ga Yaya kahin abin ya ƙarasa."

Na ce wannan ai aikin rabin sa'a ne, a fito da ita zaure yanzu a kira shi.

Ya dube ni kamar na ce a kai ta gidan rawa. "Ɗan fari ne hwa. Ko sunanshi ba ta faɗi. In ka ce mata zo ki ga Lawali, sai ta ce ita ba ta san da wani ba."

Na san wannan, kowa a nan ya sani, uwa ba ta sake jiki da ɗanta na fari. Abin da ban sani ba shi ne dabarar da suka shirya. Matar Alhaji, Saude, za ta riƙa shiga ɗakin Hajiya bayan la'asar da wayarta, wai ta zo tsintar wake. Sai ta kira matar Lawali kiran bidiyo, su yi ta hirar mata. Shi kuma Lawali ya zo wucewa ta bayan matarsa kamar bai san da komai ba, ya ɗan tsaya. Alhaji ba zai kasance a wurin ba, don in yana nan Hajiya ba za ta ɗaga kai ba. Mutum huɗu, ƙasa biyu, duk don wata tsohuwa ta kalli ɗanta ba tare da an ce ta kalle shi ba. Na ce na ji, ni dai nawa sabis.

Na saka layi, na saita suna da lambar sirri, na haɗa wayar Saude da aka miƙo mini daga ciki. A zaure tana aiki sumul. Na ce wa Alhaji ya kai ta ɗakin Hajiya ya ɗora a bakin taga, ya jona da batirin solarsu, kar kowa ya taɓa. Ya shiga, ya gwada, ya fito yana murmushi ya ce har bidiyon kasuwar shanu ya kalla a can. Na hau babur na koma Kankara ina jin kaina.

Bayan kwana biyu ya kira ni. Ba a yi kiran ba. Da la'asar ta yi, sabis ya ɓace.

Na dawo. Aka fito mini da rautar zaure, na jona, fitilunta suka kama kore shar. Na ce wataƙila da yamma mutane na yi wa ƙarfen kamfanin yawa, na canza layi zuwa na wani kamfanin. Alhaji ya kai taga, ya gwada, lafiya lau. Washegari da la'asar, shiru.

Zuwa na uku na zo da eriyar waje da doguwar gora. Hawa rufi a irin wannan unguwa ba a yinsa haka kawai. Sai da Alhaji ya bi maƙwabta gida gida ya sanar za a hau sama, mata suka shige ɗaka, sannan na hau da kaina sunkuye kamar mai neman allura. Na ɗaure gorar, na juya eriya ta fuskanci ƙarfen, na sako igiya, Alhaji ya ja ta ta taga ya soka a bayan rautar. Sabis ya cika taf. Na ce in wannan ya ƙi, in daina sana'ar. Ya ƙi.

Zuwa na huɗu Alhaji bai kawo mini ruwa ba. Ya zauna ya haɗe rai. "An ce mani akwai wani yaro a Funtuwa da ya yi karatun abin ga a makaranta." Sai ya ƙara da cewa, "Jiya ta zuba shayi a gefen kofi, Malam Sale. Kwana tara ke nan muna abu guda." Wannan maganar ta fi ta yaron Funtuwa yi mini zafi. Gaskiya na ji tsoro, don wannan ba aikin da za a ce a bari sai wani watan ba ne.

Na nemi a kira mini Saude ta tsaya bayan ƙofar zaure ta ciki, ina tambaya tana amsawa ba mu ga juna.

"Uwargida, da la'asar ɗin, rautar tana ɗakin Hajiya?"

"Tana nan."

"Tana jone da wuta?"

"Ba a taɓa cire ta ba."

"Sunanta na fitowa a wayarki?"

"Wani sa'in ya leƙo, sai ya ɓace."

"Fitilun wace kala suke?"

Ta ce, "Ni ban dai duba ba."

Na ɗauka rashin kula ne irin na masu gida. Na ce a fito mini da ita in buɗe cikinta, ƙila wani abu ke saki in ta ɗau zafi. Alhaji ya shiga ya yi sallama, aka miƙo masa daga ɗaki, ya kawo. Ina karɓa na ji ta da zafi kamar an sauke ta daga murhu. Na ɗauki sukundireba zan kwance, sai hannuna ya yi abin da ya saba tun rumfar Malam Iro, ya kai ta hanci.

Ba warin ƙuna. Kafur na ji, da turaren wuta, da wannan ƙamshin na tufafin da suka daɗe a ninke. Abin da ke zaune a bakin taga ba ya irin wannan ƙamshi.

Na ce, "Alhaji, in ka shiga karɓo ta, daga taga kake ɗaukowa?"

Ya ce a'a, yana tsayawa daga bakin ƙofa ne ya yi sallama, Hajiya ta miƙo masa.

Na ce to ni sai na ga ɗakin nan da idona, in ba haka ba ya kira na Funtuwa, shi ma kwana tara zai yi. Alhaji ya fara cewa gidansu ba a taɓa, sai muka ji murya daga tsakar gida. Ashe tsohuwar na zaune kusa tana jin komai.

"Mamman, wane ne wanga da ake ta ɓoye mani shi kamar sabon ango? Na girmi uwarshi. Saude ta shiga ɗaki, shi kau ya shigo ya ga abin da shike son gani, ya bar mu mu huta da hawan rufi."

Na shiga da sallama, na durƙusa na gaishe ta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tana juyo da gefen hagu na fuskarta in za ta dube ka. Ban tambayi komai ba, igiya na bi da ido. Ta eriya ta shigo ta taga, ta wuta ta taho daga batir, su biyun suka sauka bango suka nufi ƙarƙashin gado, suka ƙare a bakin wata adakar ƙarfe, irin tsohon akwatin nan mai fentin furanni da kwaɗo. Gefen murfin har an ɗan lanƙwasa shi don igiya ta samu hanya.

Na ce, "Hajiya, a nan take kwana?"

"A nan take wuni ma. Da Mamman ya hita nike maida ta."

"Me ya sa, Hajiya?"

"Kai ji wata tambaya. Abin da aka aiko tun daga Madina shi za a bari bakin taga, kaji su hau, ƙura ta hau, kowa ya gani? Ni ban cire mata wuta ba, an ce kar a cire."

Ta jawo adakar ta buɗe da kanta. A ciki akwai farin yadi a ninke, wanda ba sai an gaya wa Bahaushe na mene ne ba, likkafaninta ne da aka wanke da zamzam. Akwai kwalbar turare, da carbi, da ƙwayoyin kafur, da wata 'yar hular yaro da ta koɗe. A tsakiyar yadin ga wani ɗan gurbi mai kusurwa huɗu inda rautar ta saba zama. Kwana tara ina zargin kamfani, da dutse, da hadari, da layi, ashe abin yana kwance cikin ƙarfe an rufe shi da murfi. Saude kuwa ta sani sarai, amma wace suruka ce za ta tsaya a zaure ta kai ƙarar uwar mijinta wurin baƙo? Ita ma ba ta san shi ne matsalar ba.

Na yi wa Hajiya bayani yadda za ta gane. Na ce abin nan magana yake yi da wayar Saude, murya ce da kunnenmu ba ya ji, in an rufe shi a ƙarfe kamar an toshe masa baki ne. Ta ce ita ba za ta bar shi a taga ba ko me zan ce. Muka yi ta ciniki kamar a kara. A ƙarshe aka fito da adakar daga ƙarƙashin gado aka ajiye ta gefen taga, aka rufe, aka ɗora sabon faifai a kai, rautar ta hau faifan. Ta ce a lulluɓe ta da ɗankwali, na ce zafi zai kashe ta. Ta ce yaran yanzu ba ku da kunya, na ce na gode.

La'asar ta riga ta yi. Na tashi zan koma zaure, amma Hajiya ta ce in tsaya bakin ƙofa daga waje, in abin ya sake ƙi ta san wanda za ta kama. Alhaji ya fice. Saude ta zo da tiren wakenta lulluɓe da mayafi, ta zauna ta kira. Bugu biyu aka ɗauka. Suka gaisa da matar Lawali, ya yara, ya zafi, ya kuka ji da hidima. Can sai na ji muryar namiji ta yi gyaran murya ta ce, "A'a, da wa ake magana?" Wannan wasan kwaikwayo ko 'yan firamare sun fi shi iyawa.

Hajiya ta juya fuska ta kalli bango. Amma hannunta ya miƙa ya kamo hannun Saude da wayar, ta jawo har kusa da idon hagu, tana kallo ta wutsiyar ido. Lawali ma can ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ina wuni, Hajiya." Ba ta amsa masa ba. Sai ta yi wa Saude magana.

"Ce ma matar mutumin ga ta riƙa ba shi abinci. Ya rame."

Ni da na zo da filaya, sai ga ni ina goge ido da hannun riga a ƙofar ɗakin mutane. Na koma zaure na tattara kayana.

Bayan kamar wata bakwai suka sake kirana, abin jona wutar ne ya ƙone. Wannan karon ba a yi wata muhawara ba, kai tsaye aka shiga da ni. Idon ya riga ya tafi gaba ɗaya. Rautar tana nan kan faifanta. Na tambayi yadda aka gane ta mutu tun kafin la'asar, Saude ta ce Hajiya ce ta faɗa da safe. Kullum tana ɗora tafin hannu a kai, in ta ji ɗumi ta san tana aiki, ran nan ta ji ta da sanyi.

Na canza abin, fitilu suka kama, na ɗauki hannun Hajiya na ɗora a kai. Muka jira har ɗumin ya taso. Sai ta ce, ba ni take kallo ba, ba kowa take kallo ba, "Furfura ta hito mashi nan, gefen gemu. Irin ta ubanshi. Na gani sarai."

Saboda haka in kun zo koyon aiki, ku bar mini zancen kashewa da kunnawa. Ga rauta nan a kan tebur, wani ya kawo ta ɗazu daga Sabuwa ya rantse bai taɓa ta ba. Ku ajiye sukundireban tukuna. Ɗauki, kai hanci, ka gaya mini abin da ka ji.